Darasi: haɗa antan ta radiyo da hannunka

Ɗan'uwa manomi, labarin saukar ruwa, da kuɗin gero a kasuwa, da gargaɗin zuwan fara, duk ta radiyo suke iso maka. In garinku yana nesa da tasha, murya takan zo da shuu, rabin magana ya ɓace. Sau da yawa akwatin lafiyarsa lau, antan ce ta gaza. Kana iya haɗa wata da kanka.

Muryar FM tana tafiya kusan miƙe, kamar haske. Tudu da katanga suna tare ta. Shi ya sa ake ɗaga antan sama. Tsawon wayar kuma da awo ake yanke shi. Tashoshin FM suna tsakanin lamba 88 da 108 bisa fuskar akwatin. Ka raba 143 da lambar tasha, abin da ya fito shi ne tsawon antan a metir. Misali: 143 a raba da 95, ya ba da metir 1 da rabi, wato hannu biyu masu santimetir 75 kowane.

Kayan aiki: wayar jan ƙarfe mai kauri, guntun katako busasshe, ƙusa 2, gora doguwa, da wayar antan ta talabijin, mai zare ɗaya a tsakiya da saƙa a kewaye.

1. Yanke waya biyu, kowace santimetir 75.
2. Kafa ƙusa 2 a katako, tsakaninsu santimetir 2. Ɗaura waya ɗaya ga kowace ƙusa, ɗaya ta miƙe dama, ɗaya hagu. Kada su taɓa juna.
3. Feƙe bakin wayar talabijin. Zaren tsakiya ga ƙusa ɗaya, saƙar ga ɗayar. Naɗe mahaɗin da roba don ruwa.
4. Ɗaure katakon a kan gora, ka kafa ta ta wuce rufin ɗaki.
5. A ƙasa, ka mayar da sandar akwatin ciki, ka ɗaura mata zaren tsakiya.

Yanzu sai gwaji. Nemi tashar da ba ta fita sosai, ka saurare ta da sandar akwatin kaɗai. Sa'an nan ka haɗa antan. Wani ya juya gorar sannu sannu kana saurare. Antan da ke kwance ta fi kama tashar da ke gabanta ko bayanta, ba wadda bakin wayar ya nuna ba. Gwada ta a tsaye kuma. Inda murya ta fi fita, nan za ka ɗaure. Kowane gwaji, abu ɗaya za ka sāke, ka rubuta abin da ka ji.

Masu sha'awar radiyo da ke magana da juna wajen lamba 145 irin wannan antan suke yi, hannu santimetir 49. Amma aika murya sai da izinin gwamnati. Saurare ba ya bukatar izini.

Hattara: kada gora ta kusanci wayar lantarki. Da damina, da ka ga hadari ya taso, cire wayar daga akwatin, ka fitar da ita waje, saboda aradu.

Aikin gida: tasharku tana lamba 100. Santimetir nawa ne kowane hannu?