Yadda ake kammala istaj a gidan tarihi a dawo da shi aji a Magariya da Dungas

Ɗalibin jami'ar André Salifou ta Damagaram, ko na makarantar horon malamai, da ya sami zaman istaj a gidan tarihi, ko na ƙasa na Boubou Hama da ke Yamai ko na jiha da ke Damagaram, yakan cinye makonsa na ƙarshe wajen buga rahoto da bin sa hannun shugabanni. Rahoto yana da amfaninsa, amma ra'ayina shi ne a bar shi sai ƙarshe, kuma dalilina nisa ne. Daga Magariya zuwa Yamai tafiya ce ta kusan kilomita 1,000. Yaron da ke lakwal a Bande ko Malawa zai iya gama firamare bai taɓa tsayawa gaban ƙasusuwan ƙaton kadan Gadufawa ba. Wanda ya je ya koyo yadda ake sa yaro ya dubi abu har ya yi tambaya, ta hannunsa wannan ilimi zai iso ƙauye, in kuwa ya tsaya a takarda, to ya tsaya ke nan.

Matakin farko yana farawa tun kana can, kamar kwana goma kafin ka ɗaure kaya. Ka ware littafi guda, ka riƙa rubuta tambayoyin da yara suka yi maka da bakinsu, da wurin da suka fi daɗewa a tsaye, da inda suka fara hamma. Bayanin da kai ka yi musu yana cikin littattafai tuni, tambayarsu ce ba za ka same ta a ko'ina ba. Yaron da ya ga gungumen itacen Tenere, wanda mota ta kayar a 1973, ya ce “ina yake samun ruwa?”, ya ba ka darasi guda cikakke. Ka kuma roƙi mai kula da kaya ya nuna maka rajistarsu da yadda suke rubuta takardar shaidar kowane abu, don za ka buƙace su.

Mataki na biyu shi ne zaɓe, kuma nan ne aka fi yin kuskure saboda zumuɗi. Gwaji uku sun isa. Sharaɗinsu: kayan su samu a kasuwar garin ko a gona, kada su nemi lantarki, yaro ya yi da hannunsa, kuma a sami abin gani ko abin aunawa. Gwaji na farko, zobo. Ka jiƙa shi ka tace, ka zuba a kofuna uku masu haske. Na farko a bar shi, na biyu a matsa masa lemun tsami, na uku a ɗiga masa ruwan kanwa. Na lemun zai ƙara ja, na kanwar zai juya ya yi duhu, tsakanin shuɗi da kore, a gaban idon yara. Sai a zuba lemun a kan garin kanwa su ga kumfa tana tashi. Da wannan ka shigar da su batun abu mai tsami da kishiyarsa, da kayan da uwayensu ke taɓawa kullum a madafa. Gwaji na biyu, gawo. Binciken da Larwanou da Abdoulaye da Reij suka fitar a 2006 ya nuna yadda manoman Magariya, Matamaye da Mirya suka raya itatuwa a gonakinsu a faɗin ƙasa mai yawa, gawo a kan gaba. Kowane yaro ya ji ana cewa gero ya fi kyau a gindinsa. Ka sa su gwada. Gwangwanaye shida iri ɗaya masu huji a ƙasa, uku da ƙasar gindin gawo, uku da ta fili, ƙwayar gero biyar-biyar, ruwa daidai, rana daidai, a auna tsawo da rula kowace Litinin. Gwaji na uku, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa, maƙwabciyarmu, ya yaɗa har ya sami kyautar Rolex a 2000. A sa tumatir a ciki, a bar wani a waje, a ƙirga kwanakin da kowane zai yi kafin ya lalace.

Wani zai ce wannan ai ba abin da aka tura shi koyo ba ne, gidan tarihi ƙasusuwa ne na shekaru miliyan 110, ina zobo ina dinosor? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin babu kofin zobon da zai ba yaro mamakin da haƙora fiye da 500 na Nigersaurus za su ba shi. Sai dai abin da ma'aikacin ilimi na gidan tarihi ya ƙware a kai shi ne tsari: abu a gaba, tambaya ta biyo, bayani ya zo daga baya. Tsarin nan ba ya buƙatar mota ta ɗauko shi. Hotunan ƙasusuwan kuma ka taho da su, ka auna tsawon kadan da igiya a filin lakwal, yara su jera a kai.

Mataki na uku, gwadawa a aji na gaske. Ka nemi izinin darakta, ka zaɓi aji ɗaya. Kafin a ɗiga kanwa, kowane rukuni ya faɗi abin da yake zato, a rubuta a allo. Ka kame bakinka, wannan ne ya fi wuya ga sabon malami. Ka bar su su yi gardama da Hausa, sannan ka ba su kalmar Faransanci da littafi ke nema. Bayan mako guda ka dawo ka tambaye su ba shiri. Abin da suka tuna shi ne sakamakon zamanka.

Mataki na huɗu, ajiya. Ajujuwa da yawa a yankin nan na zana ne, kuma gara da iskar bazara ba sa barin komai, saboda haka akwatin ƙarfe mai kwaɗo ya fi kanta. Kowane abu, ko ƙodagon goriba ne ko dutsen kanwa ko ƙasar fadamar Korama a kwalba, ya sami lamba da takarda: sunansa, inda aka samo shi, ranar, da wanda ya kawo. A kwafe wannan a rajista. Gargaɗi ɗaya mai nauyi: in yaro ya zo da tsohon kasko ko ƙarfe daga kufai, a rubuta wurin a sanar da hukumar al'adu, kada a tura yara haƙa. Dokar 1997 ta kare irin waɗannan kaya, kuma abin da aka cire daga mazauninsa ba tare da rubutu ba ya yi asarar rabin labarinsa.

Akwai masu cewa manhaja ta cika, yara sun yi yawa, ga sufeto na zuwa. Gaskiya ne, shi ya sa kowane gwaji sai ka ɗaura shi a kan darasin da ke cikin manhaja tuni, ya maye gurbin kwafen allo na ranar. Yawan yara kuwa, rukuni-rukuni na takwas da kofi uku-uku yana ɗaukarsu. Matsalar da ta fi waɗannan ita ce canjin wurin aiki: malami ya tafi, akwati ya zama wurin zama. Don haka mataki na biyar shi ne miƙawa a gaban darakta da kwamitin iyaye, da sunan malamin da zai riƙe makulli a rubuce. Ka haɗa da aikin hutu, tunda ruwan sama yana zuba ne lokacin da lakwal ke rufe: gwangwani mai miƙaƙƙen gefe a kan turke nesa da bango da itace, a auna zurfin ruwan kowace safiya. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita, wato ruwan milimita 20 a hekta ɗaya ya kai tano 1,000 masu lita 200. Yaron da ya kai wa babansa wannan lissafi ya sama wa akwatin mai tsaro a gida.

Sai yanzu rahoto. Ka sa tambayoyin yaran yadda suka faɗe su, teburin awon gero, gwajin da ya ƙi da dalilin da kake zato, da kuɗin da kowane ya ci. Ka aika kwafi ɗaya ga gidan tarihin da ya karɓe ka, ɗaya ga ofishin sufeto, ɗaya kuma ya zauna cikin akwatin don malamin da zai zo a watan Oktoba.