Karen Aiki Ba Ya Son Turke

Tun kaka da kakanni, a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi ba a ajiye kare don ado. Mafarauci yana ajiye shi don korar zomo da gada idan rani ya yi. Makiyayi yana ajiye shi don tsaron ruga da dare. Musulunci ma ya yarda a riƙe kare don farauta, ko kiwo, ko tsaron gona.

Amma abubuwa sun sake. Rashin tsaro a dajin Rugu da kewayensa ya rage shiga daji. Don haka a ƙauyuka irin su Tamawa, karen da ya saba gudu yakan koma zaman gida. A cikin gari kuma wasu samari kan sayi karen Turawa da ake kira Alseshan, su ɗaure shi da sarƙa a ƙofar gida. Alhali a shekarar 1899 aka fara tace irinsa a Jamus don kiwon tumaki. Aiki yana cikin jininsa.

Kare dabba ne mai son zama cikin jama'a. Idan aka turke shi shi kaɗai dare da rana, zai yi ta haushi, ya tona ƙasa, ya tauna igiya. A hankali halinsa ya ɓaci. Ɗaurarren kare ba shi da wurin gudu idan ya tsorata, sai ya kai cizo. Wa ke zuwa kusa da shi? Yawanci yaro ne.

Maganin ba na kuɗi ba ne. A kwance shi safe da yamma, babban mutum ya fita da shi bayan gari, riƙe da igiya. Ya raka mai gida gona. Kwikwiyo kuwa, tun bai kai wata 3 ba, a bari ya saba da yara da awaki da kaji, babba yana kallo. Wanda ya saba tun yana ƙarami ba ya cika faɗa.

Kare ba ya gumi kamar mutum. Da haki yake rage zafi. Saboda haka a bazara kada a raba shi da inuwa da kaskon ruwa. Ya zo a hadisi cewa an gafarta wa wani mutum don ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Saura allurar rigakafin haukan kare. Ana yin ta a Vom, kusa da Jos. A kai kwikwiyo asibitin dabbobi idan ya cika wata 3, sannan a maimaita kowace shekara. Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti ranar nan. Kada a jira. Idan alamun ciwon suka bayyana, ba a warkewa.