Ciwon Damuwa Da Hukuncin Da Majinyaci Ke Yanke Wa Kansa

 

Daga tashar Unguwa Uku zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tafiya ce kaɗan a kan titin Zariya, kuma a asibitin akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Amma sau da yawa mai ciwon damuwa yakan shekara yana wuce ƙofar nan, zuwa Gyadi-Gyadi ko Tarauni, bai taɓa shiga ba. Ba kullum rashin kuɗi ke hana shi ba. Tun yana yaro yake jin ana zolayar mutane da cewa a kai su Dawanau, yake kuma jin ana cewa mai imani ba ya damuwa. Sa'ad da ciwon ya same shi, sai ya ɗauki maganganun nan ya yanke wa kansa hukunci tun wani bai buɗe baki ba: shi rago ne, imaninsa ya yi rauni, Allah na fushi da shi.

Wannan hukunci ba shi da madogara a shari'a. Suratu Yusuf ta ba da labarin Annabi Yakubu, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai shi har idanunsa suka yi fari, bai kuwa rage masa daraja ba. Shekara ta 10 da aiko Manzon Allah (S.A.W.), wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito hadisin da ya jera damuwa da baƙin ciki tare da gajiya da ciwo, a cikin abubuwan da ake kankare wa Musulmi zunubi da su. To, abin da aka lissafa cikin kaffara, yaya za a mai da shi shaidar fushin Ubangiji?

Malaman farko ma sun yi bayani. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rarrabe a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus tsakanin baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rasuwa ko asara, da wanda yakan sauko wa mutum ba tare da wani dalili bayyananne ba. Na biyun, a wurinsa, tushensa a jiki yake, kuma yana bukatar magani.

Likitocin yau sun ce idan ƙunci ya kai mako 2 ko fiye, barci da cin abinci suka rikice, abin da mutum ke jin daɗinsa ya fita daga ransa, to, ciwo ne, kuma yana da magani. Abin lura a nan shi ne, ganin kai ba a bakin komai ba da yawan zargin kai suna cikin alamun ciwon kansa. Watau majinyaci yana karɓar shaida ne daga bakin cutar, alhali ita ce abokiyar shari'arsa. Nauyin jiki da ke sa shi makara sallar Asuba, shi ma yakan lissafa shi cikin laifinsa, ya ƙara ɓuya.

Addu'a da zikiri ba su hana zuwa asibiti, kamar yadda ba su hana mai hawan jini shan ƙwayarsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta haramta wulakanta majinyaci. Wanda kuwa tunanin kashe kansa ya fara zo masa, wajibi ne ya faɗa wa wani amintacce, a kai shi ga likita a ranar, ba sai gobe ba.