TAIMAKON SOJA DA IYALANSU: ABIN DA YA FARU LOKACIN YAƘIN BURMA

A cikin 1943 jiragen ruwa suka tashi daga Ikko ɗauke da dubban sojan Nijeriya. Suka zaga ta kudancin Afirka, suka yi makonni bisa teku kafin su sauka a Bombay ta ƙasar Indiya. Daga nan aka wuce da su ƙasar Burma, wadda yau a ke kira Myanmar, domin su yi yaƙi da sojan Japan. Da yawa daga cikinsu mutanen Arewa ne, manoma da 'ya'yan manoma, waɗanda galibinsu ba su taɓa ganin teku ba. Waɗansu sun shiga soja da son ransu, waɗansu kuwa hakimi ko dagaci ne ya ba da sunansu domin a cika adadin da Gwamnati ta nema. Ba su sake taka ƙasarsu ba sai bayan an gama yaƙi, waɗansu ma sai 1946.

Manyan rundunoni biyu ne suka tafi daga Afirka ta Yamma, watau ta 81 da ta 82. Alamar ta 81 baƙin gizo-gizo ne. Alamar ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye bisa gammo, domin a dazuzzukan Burma babu hanyar mota, sai dai jirgin sama ya jefo kaya, mutane su ɗauka a ka. Sun yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan da yankin Arakan, suka ci garin Myohaung a watan Janairu na 1945. Bataliyoyi uku na Nijeriya kuma sun shiga rundunar nan ta Janar Wingate da a ke kira Chindit. Wanda ya san barikin Chindit a Zariya, ko barikin Dalet a Kaduna, to, daga wancan yaƙi sunayen suka fito.

Labarin fagen fama an sha ba da shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda jama'ar da ke gida suka tallafa wa waɗannan mutane, da irin taimakon da ya yi amfani ƙwarai, da wanda bai kai inda a ke bukatarsa ba.

Asusun taimako

Tun a 1939, zamanin Gwamna Bourdillon, aka buɗe asusun agajin yaƙi a Nijeriya. A 1940 aka ƙara wani na sayen jiragen saman yaƙi. Sarakuna suka bayar, baitulmalin En'e ya bayar, 'yan kasuwa da ma'aikata da 'yan makaranta suka jefa abin da ya sawwaƙa, daga fam har kwabo. Kuɗin da aka tara ya sayi jiragen da a ke kira Spitfire, har aka sa wa ƙungiya ta 91 ta mayaƙan saman Ingila sunan Nijeriya. Ban da wannan akwai asusun jin daɗin soja, wanda a ke sayen ƙananan kaya da shi, irin su sigari da sabulu da kayan wasa, a aika wa mazaje can inda su ke.

Aikin nan ba ƙarami ba ne, musamman in aka tuna da halin da talakawa ke ciki a lokacin. Gishiri da kananzir da yadi sun yi tsada, Gwamnati tana matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa, daga 1942 zuwa 1944 kuma ana ɗibar mutane da tilas zuwa haƙar kuza a Jos. Duk da haka aka bayar. Amma fa jirgin sama a Ingila ya tsaya, ƙunshin sigari kuwa kwana biyu ya ƙare. Har ma akwai inda ƙunshin bai isa ba sam. Wani sojan asibiti mai suna Isaac Fadoyebo, mutumin ƙasar Owo, an harbe shi a bakin Kaladan a watan Maris na 1944, aka ɗauka ya mutu. Wani talaka Musulmi na wannan yanki, mai suna Shuyiman, shi ya ɓoye shi tare da abokinsa ɗan Saliyo, yana ciyar da su wajen wata tara, alhali kuwa da Japanawa sun gane da sun kashe shi. Shinkafar mutumin da bai san ko inda Nijeriya ta ke ba ita ta rayar da su.

Abin da ke damun soja

Soja mai daraja ta ƙasa sule guda ya ke samu a yini. An yi tsari ya yanke wani abu daga ciki a riƙa biyan matarsa ko iyayensa a gida, ta hannun Di'o ko baitulmali. A takarda tsarin ba shi da aibi. Wuyar tana wajen aiwatarwa. Matar da ke ƙauye mai nisan yini biyu daga inda a ke biya, ba ta iya karatu ba, wataƙila ma tana cikin kulle, dole ta aiki wani. In akawu ya rubuta suna ba daidai ba, ko ɗan aike ya ci amana, sai watanni su wuce ba ta ga ko anini ba. Mijin kuwa yana can yana zaton gida lafiya.

Sa'an nan ga gona. Gandun da ya saba da hannu huɗu ya koma hannu uku, haraji bai fasa zuwa ba, damina ba ta jiran kowa. Inda 'yan'uwa ke da zumunci, ko mai gari ke da kula, sai a kira gayya a nome wa iyalin soja gonarsu, a yi masu yaɓen ɗaki kafin ruwa ya sauka. Inda babu wannan sai rumbu ya ƙare tun kafin bazara.

A nan ne maganar ta kai ga aure. Ciyar da mata wajibi ne a kan miji, ko yana nan ko ba ya nan, kuma a mazhabar Malikiyya matar da aka bari ba ci ba sha tana da ikon kai ƙara wurin alkali ta nemi a raba auren. Wanda kuma ya ɓace, ba a san yana raye ko ya mutu ba, littafin Risala ya ce a ɗibar wa matarsa shekara huɗu daga ranar da ta kai magana, sa'an nan ta yi takaba. Shari'a ba ta zalunci kowa ba a nan, domin mace ba za ta zauna da yunwa ba iyaka. Amma a duba yadda abin ya ke ga mutumin da ke kwance cikin ramin tsaro, ruwan sama na dukansa, zazzaɓi na cinsa, ga shi bai sani ba ko zai koma ya tarar da iyalinsa a ɗaki. Buhun dawa guda da maƙwabci ya kai gidan a kan kari ya fi masa kwali goma na sigari, ko da ya ke ba za a buga sunan maƙwabcin a jarida ba.

Saboda haka wasiƙa ta zama babban abu. Sojoji da yawa a cikin soja suka koyi karatu da rubutun boko, amma na gida ba su koya ba. Malamin makaranta ko malamin hakimi da ya zauna ya karanta wa tsohuwa takardar ɗanta, ya rubuta mata amsa ba tare da ya karɓi ko kwabo ba, ya yi sadaka mai girma. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam na editanta, ita ma ta riƙa kai wa soja labarin gida da harshensu. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya tafi da kansa har Indiya da Burma ya gai da su. Ba kuɗi ya kai masu ba. Shaida ya kai masu cewa ba a manta da su ba.

Bayan Burma

Tafiyar soja nesa da gida ba ta ƙare da wancan yaƙi ba. Daga 1960 zuwa 1964 sojan Nijeriya sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango, inda barikin Bukavu na Kano ya samo sunansa. Daga 1990 an tura su Laberiya, daga baya Saliyo da Darfur, tun 2009 kuma ga faman da a ke yi a Arewa maso Gabas. A 1964 aka kafa ƙungiyar tsofaffin soja ta ƙasa bisa doka. Ranar tunawa da mazan jiya, wadda dā a ke yi ran 11 ga Nuwamba, an mai da ita 15 ga Janairu, watau ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Kafin ranar a kan sayar da ɗan tambarin da a ke maƙalawa a ƙirji, kuɗin kuwa domin tsofaffin soja ne da matan da mazansu suka rasu da marayu. Sayensa abu ne mai kyau, sai dai sau ɗaya a ke yi a shekara, tukunya kuwa kullum a ke ɗora ta.

Yanzu albashi ta banki ya ke shiga, waya kuma tana aljihun kowa, amma matsalar nan ta dā ba ta gushe ba, kama kawai ta sake. A 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci, an toshe layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa, iyalai suka koma zaman jiran labari kamar na kakanninsu. A cikin bariki akwai magajiya da ƙungiyoyin matan soja masu lura da juna. Waɗanda suka fi shiga wahala su ne matan da ke zaune cikin gari ko ƙauye, da tsofaffin iyayen da ɗansu soja ne kaɗai ke ɗauke da su.

Mai unguwa shi ya fi kowa sanin gidajen da maigidan ya tafi aiki. Kamata ya yi ya shaida wa liman da dattawa, a sa mutum guda amintacce, ko mace dattijuwa in gidan na mata ne zalla, ya riƙa leƙawa a kai a kai, ba sai an ji kuka ba. Abubuwan da a ke bukata ba su da yawa: kai yaro asibiti da dare, biyan kuɗin makaranta kafin albashi ya shigo, sa hannu a gona, raka mace banki. Masu raba zakka da sadaka su tuna cewa iyalin ƙaramin soja sau da yawa suna cikin mabukata, kunya ce ke hana su faɗa. Kada a tambayi soja ta waya inda rundunarsu ta ke, kada kuma a kai wa iyali labarin rasuwa da aka tsinta a kasuwa ko a intanet, sai hukuma ta tabbatar.

In kuwa ta Allah ta kasance, taimakon da ya fi wuya a samu shi ne na takardu. Kowane soja ya kan rubuta sunan magajinsa a wurin aiki, kuma ta hannun wannan magaji a ke biyan haƙƙinsa. Rundunar soja tana da tsarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan waɗanda suka rasu a bakin aiki, amma sai an nema, an kai shaida. Saboda haka mai ilmin da ke unguwar ya taimaki matar ta tattara lambar mijinta ta soja, da shaidar aure, da takardun haihuwar yara, a yi hotonsu a ajiye, sa'an nan wani namiji daga dangi ya raka ta barikin da mijin ya yi aiki, a nemi ofishin da ke kula da jin daɗin soja.