Ruwan Zartsi da Itatuwa: Nazari a Kan Rafukan Ƙasar Gaya

1.0 Gabatarwa

Tun kafin zuwan ma'aunin Bature, Bahaushe ya kasa ruwan sha kashi biyu, watau ruwan daɗi da ruwan zartsi. Ruwan zartsi shi ne wanda idan aka kurɓa za a ji gishiri-gishiri ko kanwa-kanwa a harshe, ba ya kashe ƙishirwa sosai, shuka kuma ba ta jin daɗinsa. Manufar wannan maƙala ita ce a duba inda zartsi yake fitowa a cikin rafi da rijiya, sa'an nan a ga irin hannun da itatuwan daji suke da shi wajen tsare ruwa daga gare shi. An ɗauki Gafasa a matsayin misali. Gafasa ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Ajingi, a ƙasar Gaya, gabas da birnin Kano.

Wataƙila mai karatu ya ce wannan ai aikin masu nazarin ƙasa ne, me ya kai ɗalibin Hausa ciki? Amsa ita ce, kalmomin da ake bayanin al'amarin da su namu ne, kuma ilmi mai yawa yana kwance a cikinsu.

2.0 Gishiri, Kanwa da Zartsi

Gishiri da kanwa dangin juna ne, amma halinsu ya bambanta. Hausawa sun daɗe da sanin wannan, domin kuwa fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna kawo su kasuwannin Kano: kantu da beza daga Bilma, mangul daga ƙasar Manga, gishirin Foga daga yamma, ga kuma jar kanwa da farar kanwa da ungurnu. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya rubuta littafi sukutum a kan wannan fatauci a 1986. Abin lura shi ne, da yawa daga cikin waɗannan kayayyaki a kwari ake samunsu, inda ruwa yake taruwa ba shi da mafita. Rana ta shanye ruwan, abin da ya narke a cikinsa ya rage a ƙasa. Tafkin Cadi ma, wanda ba ya zuba a teku, ruwansa bai zama na gishiri ba ne saboda yana tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa, yana kai kanwarsa kwaruruwan Kanem a arewa maso gabas, inda ake haƙarta.

Ashe ke nan babu ruwan da ba shi da gishiri ko kaɗan. Yawa ne ya bambanta. Ruwan teku yana da kimanin giram 35 a kowace lita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin ruwan da narkakkun gishirinsa bai kai miligiram 600 a lita ba mai daɗin sha ne, idan kuwa ya haura 1,000 sai harshe ya fara ƙinsa. Ana iya cewa kusan a nan ne Bahaushe yake fara kiransa zartsi. Ta fuskar ban ruwa kuwa, jagorar da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1985 ta nuna ruwan da bai kai miligiram 450 ba babu damuwa a kansa, wanda ya wuce 2,000 kuwa haɗari ne ga gona.

Kanwa ta fi gishiri sharri a gona. Gishiri yana hana saiwa shan ruwa, har a ga shuka tana yaushi alhali ƙasa a jiƙe take. Ita kuwa kanwa ƙasar take ɓatawa. Takan wargaza laka, ta toshe ƙofofin da ruwa da iska suke bi, sai ƙasa ta yi santsi da damina, ta ƙeƙashe kamar daɓe da rani. Ba banza ba aka ce da ita uwar gami.

3.0 Ƙasar da Ruwanta

Ruwan sama a wannan yanki yana sauka ne a cikin wata huɗu zuwa biyar, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba, kuma a shekara ta tsaka-tsaki yakan kai milimita 800 ko ɗan fiye. Abin da rana da iska za su iya shanyewa a shekara kuwa ya kai kusan ninki biyu na wannan. Saboda haka ƙananan rafuka da ƙoramu na damina ne. Da kaka ta wuce sai su tsinke, su bar kududdufai, su ma su ƙafe kafin bazara.

Babban ruwan yankin shi ne kogin Haɗeja, wanda yake samuwa daga haɗuwar kogin Kano da na Calawa kafin a iso Wudil. Kogin Kano ta cikin dajin Falgore yake ratsowa kafin ya zuba a madatsar Tiga, saboda haka wani kashi na ruwan da yake wucewa ta ƙasar Gaya ruwan daji ne. Akwai kuma wani abu da ido ba ya gani. A yamma, ƙarƙashin ƙasar Kano dutse ne tsantsa, kogi yana karɓar ruwa daga gare shi. Daga wajen Wudil zuwa gabas kuwa sai a shiga shimfiɗar yashi da laka ta kwarin Cadi, inda kogi yake bayar da ruwansa ga ƙasa. Ƙasar Gaya da Ajingi tana kusa da wannan iyaka.

An gama madatsar Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992. Madatsun nan sun sauya halin kogin ta fuska biyu. Sun rage ƙarfin ambaliyar damina wadda takan malale fadamu, sun kuma sa ruwa yana gudu har da rani. A can ƙasa wajen Haɗeja da Nguru, wannan ya taimaka wa ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Za mu komo kan batun ambaliya nan gaba, domin tana da muhimmanci ga zancen zartsi.

4.0 Darasi Daga Ostareliya da Yamai

Inda aka fi ganin dangantakar itace da zartsi a fili shi ne kudu maso yammacin Ostareliya, ƙasa mai dogon rani irin namu. A can, iska da ruwan sama sun yi dubban shekaru suna kawo ɗan gishiri daga teku, yana taruwa a cikin laka mai zurfi. Dajin ƙasar kuwa na itatuwan turare ne masu doguwar saiwa, waɗanda suke shanye kusan duk ruwan da ya sauka. Saboda haka ruwan ƙarƙashin ƙasa, watau wanda ake tararwa idan aka haƙa rijiya, ya zauna can ƙasa, gishiri kuma ya kwanta a inda yake.

Da Turawa suka sare dajin suka shuka alkama, sai lissafi ya rushe. Saiwar alkama gajera ce, kuma 'yan watanni take yi. Ruwan da itace yake shanyewa a da sai ya riƙa nutsewa, ruwan ƙasa ya yi ta hawa shekara bayan shekara, ya narkar da gishirin nan, ya fito da shi a kwari da rafuka. Wani injiniyan jirgin ƙasa mai suna W. E. Wood ne ya bayyana wannan a rubuce a 1924, bayan ya lura ruwan da ake tarawa domin tukunyar jirgi yana yin zartsi a wuraren da aka yi sara. Ba a ɗauki maganarsa da sauri ba. Sai da ruwan madatsar Wellington a kogin Collie ya lalace, sa'an nan a 1976 aka kafa dokar hana saran daji a yankin sai da izini. Rafukan da suka fito daga dajin da aka bari, ko ake yankan katako a cikinsa da tsari ana barinsa ya sake tofowa, sun ci gaba da ba da ruwan daɗi. A kogin Denmark kuma, da aka sake dasa itatuwa, zartsin ya sauka, amma sai da aka yi shekaru masu yawa.

To, shin haka za ta faru a ƙasar Hausa? Rabin al'amarin ya riga ya faru a maƙwabta. A gabashin Yamai, a Jamhuriyar Nijar, masu bincike sun tarar ruwan rijiyoyi ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk kuwa da farin shekarun 1970 da 1980. Dalili shi ne an share daji an yi gonakin gero, ruwa yana gangarowa da yawa cikin tafkuna, daga nan ya nutse. Sai dai ruwan bai zama zartsi irin na Ostareliya ba, domin babu tarin gishiri mai yawa a ƙarƙashin yashin da zai narkar.

A ganina, a nan ne ya kamata mu yi hattara. Sare itace yana motsa ruwan ƙasa a ko'ina, amma abin da ruwan zai ɗauko ya danganta da abin da ya tarar. Wanda ya ɗauko labarin Ostareliya ya aza wa Gafasa kai tsaye ya yi gaggawa.

5.0 Jigawa da Fadama

Manomin ƙasar Gaya ya san ƙasa iri biyu: jigawa, tudun yashi inda ake noma gero da dawa da gyaɗa da wake, da fadama, kwarin laka mai riƙe ruwa. A jigawa ruwan damina yana ratsa yashi ya wanke shi, saboda haka tsoron zartsi kaɗan ne. Abin da aka wanke daga tudu kuwa fadama yake nufa, kuma a can ne ruwa yake kusa da sama, inda rana take iya jawo shi.

Dajin wannan yanki ma ba kurmi ba ne. Yawancinsa a cikin gonaki yake: gawo, tsamiya, kuka, ɗorawa, kanya, marke, kowanne da mai shi, ana sassabe reshe a bar uwa. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya nuna tare da abokan aikinsa cewa manoman kewayen Kano sun riƙe itatuwan gonakinsu duk da yawan jama'a da buƙatar itacen girki. Irin wannan hikima ce aka farfaɗo da ita a ƙasar Maraɗi daga 1983, inda manoma suka riƙa barin kututture ya tofo suna rage masa rassa, har aka ƙiyasta abin ya game hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Idan ana neman daji mai ɗorewa a ƙasar Hausa, to ga shi nan a gona.

Aikin waɗannan itatuwa ga ruwa iri-iri ne. Ganyensu yana zama taki, ƙasa ta yi laushi, ruwa ya shiga maimakon ya kwarara da yashi ya cike rafi. Inuwarsu tana rage abin da rana take shanyewa daga fuskar ƙasa. Gawo kuwa nasa halin daban ne, domin yana kaɗe ganye da damina, ya bar wa gero rana da ruwa, sa'an nan ya yi ganye da rani yana sha daga can ƙasa.

Haɗarin da ya fi kusa da mu yana wajen noman rani. A da da jigo ake ban ruwa, abin da hannu zai iya ɗagowa kaɗan ne. Daga shekarun 1980 injin ban ruwa da gajerun rijiyoyin burtsatse suka bazu a fadamun Jihar Kano, ruwan da ake zubawa ya ninka. Bari mu yi lissafi. Idan manomi ya ba hekta ɗaya ruwan da zurfinsa ya kai mita guda a rani ɗaya, ya zuba lita miliyan 10 ke nan. Idan kowace lita tana ɗauke da rabin giram na gishiri, watau ruwan da kowa zai sha ya ce mai daɗi ne, to ya kai wa gonarsa tan 5. Shuka da rana za su ɗauke ruwan, su bar masa yawancin gishirin. Ga takin zamani, wanda shi ma dangin gishiri ne. Ga kuma ruwan masana'antun jima na Kano, inda ake adana fata da gishiri, wanda wani kashinsa yake sauka a kogin Calawa.

Abin da yake biyan wannan bashi shi ne wanka. Karin magana ya ce gishiri yana yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Ruwan damina da ambaliya su ne suke narkar da abin da rani ya tara su tafi da shi. Amma sai in akwai hanyar fita. Fadamar da ambaliya ta daina kai mata, ko wadda yashi daga tudun da aka sare ya toshe mata magudana, za ta riƙa ajiya ne kawai. An ga alamun haka a wasu sassa na aikin ban ruwa na Kadawa, inda ruwan ƙasa ya taso kusa da sama saboda rashin isasshen magudani.

Ba kowane itace ne kuma ya dace da bakin fadama ba. Turare yana da saurin girma, ya kuma yi amfani a shingayen tare iska na arewacin Kano, amma mashayi ne. Idan aka cika shi a ƙaramin kwari zai iya rage ruwan rijiya, kuma da yake saiwa ruwa take ɗauka ta bar yawancin gishiri, abin da ya rage a gindinsa sai ya ƙara kauri. Bagaruwa da goruba sun fi sabawa da irin wannan wuri, suna jure ƙasa mai ɗan kanwa, ga kuma amfaninsu ga majema da masu saƙar tabarma.

6.0 Alamomin da Ake Dubawa

Alama ta farko farin ɓawo ne a kan kunya, kamar an barbaɗa toka, musamman da bazara. Sai kuma iri ya ƙi fita a ƙwanƙolin kunya alhali ya fita a gefenta, domin gishiri sama yake hawa. Bakin ganye yakan ƙone. Albasa da karas su ne suke fara nunawa, tumatir ya biyo baya, alkama tana da ɗan juriya, auduga da dabino kuwa sun fi kowa. A nan kam albasa takan yi halin ruwa. Idan aka ga ruwa yana kwana a kan ƙasa ya ƙi shiga, shanu kuma suna lasar wurin, to kanwa ce, kuma ruwa kaɗai ba ya wanke ta. Sai an haɗa da takin gargajiya mai yawa, ko jibsam, watau farin dutsen nan mai taushi da ake sa wa siminti.

Akwai ɗan ma'auni mai batir, bai fi tocilan girma ba, wanda ake tsomawa a ruwa ya nuna yawan gishirinsa ta hanyar yadda lantarki yake ratsa shi. Awo sau ɗaya ba ya isa. A kan auna wuri guda sau biyu a shekara, a watan Oktoba lokacin da damina ta gama wanka, da watan Afrilu lokacin da rana ta gama shanta, sa'an nan a kwatanta rafin da bakinsa yake da itatuwa da wanda aka sare. Ɗalibin wannan sashe da zai je hutu ƙasar Gaya yana iya haɗa wannan da nasa aikin: ya zauna da maharba da makiyaya da masu haƙar rijiya, ya rubuta sunayen da suke kiran kowace irin ƙasa da kowane irin ruwa, ya kuma tambaye su wace rijiya ce ta sauya ɗanɗano, kuma a zamanin wane dagaci.