Amsoshin Tambayoyinku: Aikin Sojan Lord Kitchener

Wani mai sauraro ya nemi bayani kan aikin sojan Lord Kitchener. An haife shi a 1850, ya zama hafsan sojan Birtaniya a 1871, kuma a 1892 aka naɗa shi Sirdar, wato babban kwamandan sojojin Masar. Shi ne ya jagoranci yaƙin Omdurman a 1898, inda bindigogi masu jigida suka hallaka dubban mayaƙan Halifa Abdullahi, abin da ya karya daular Mahadi a Sudan. A yaƙin da ya jagoranta daga baya a Afirka ta Kudu kuwa, dubban mata da yara sun mutu a sansanonin tsarewa ƙarƙashin ikonsa. Ya zama ministan yaƙi na Birtaniya a 1914, ya mutu a 1916 lokacin da nakiya ta nutsar da jirgin ruwansa.