Ja-gaban Mai Babur: Yadda A Ke Zaɓen Na'urar Nuna Hanya

Masu sauraro, zancen kimiyya na wannan mako zai fara ne da labarin wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine. A shekarar 1977 wannan saurayi ya hau babur ya shiga wani tsere wanda ya tashi daga Abijan za shi Nis ta ƙasar Faransa. Da ya kai can ƙuryar arewa maso gabas ta ƙasar Nijar, inda ba gari ba rijiya, sai hanya ta ɓace masa. Ya yi kwanaki shi kaɗai cikin rairayi, ƙishirwa ta kusa halaka shi, kafin jirgin sama ya gano shi. Allah ya yi da sauran kwanansa, har a ƙarshen 1978 ya kafa tseren nan da ya yi suna, na Faris zuwa Dakar. Abin da ya rasa a kwanakin nan, watau sanin inda ya ke a bayan ƙasa, yau ana sayar da shi a kanti cikin ɗan akwatin da bai fi tafin hannu ba. Sunansa GPS.

Kafin mutum ya zuba kuɗinsa, ya kamata ya san abin da ya ke saye. Sojan Amurka ne suka ƙago wannan dabara. Sun harba tauraron ɗan Adam na farko dominta a 1978, a 1995 kuma aka bayyana cewa taurari 24 sun cika, aiki ya kankama. Suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a kwana guda. Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana kuwa ta shela dare da rana: ga sunansa, ga inda ya ke, ga lokacin da ya yi magana.

Duk yaron da ya taɓa ganin walƙiya sa'an nan ya jira tsawa ya riga ya san asirin abin. In tsawa ta biyo nan da nan, hadari yana kusa; in ta jinkirta, yana nesa. Haka na'urar ta ke yi. Ta kan auna jinkirin da saƙon tauraro ya yi kafin ya iso, daga nan ta san nisansa. Sai dai saƙon yana gudu irin na haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya kan jefa mutum mita 300 daga inda ya ke. Taurari uku sun isa su nuna wuri, kamar yadda nisan mutum daga Kumasi da Tamale da Akra zai tona inda ya tsaya. Na huɗun kuwa aikinsa gyara agogon na'urar ne, gama agogo ne mai araha.

Abu biyu ya fito daga wannan bayani, mutane da yawa kuwa sun jahilce su. Na farko, na'urar ba ta bukatar layin waya ko kati kafin ta san inda ta ke. Sararin sama kaɗai ta ke bukata. Na biyu, ji kawai ta ke yi, ba ta magana. Wanda ya faɗi ya karye a daji, za ta gaya masa inda ya ke daidai, amma ba za ta gaya wa kowa ba. Mai son ya iya neman agaji daga inda ba layi, sai ya nemi wata na'ura dabam mai aika saƙo ta tauraro, irin su inReach, wadda a ke biya mata kuɗin haya.

A da sojan Amurka su kan gurɓata saƙon da gangan, har farar hula ya kan kuskure wuri da mita 100. Shugaba Clinton ya sa aka daina wannan a watan Mayu na 2000, yanzu kuwa a fili kuskuren ba ya cika wuce mita 5. Rasha tana da nata taurarin, GLONASS, Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou. Na'urar da ke jin biyu ko uku daga cikinsu ta fi daɗin aiki tsakanin dogayen gine-gine da cikin kurmi, inda sama ba ta buɗe sosai ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tauraro bai san hanya ba, bai san gada ba, bai san kasuwa ba. Lambobi kaɗai ya ke sa a samu. Taswirar da aka zuba cikin na'urar ita ce ke mai da lambobin nan su zama titi da kwana da mararraba. Sau da yawa ɗan'uwa da ke zaune a Landan ko Niyok ya kan sayi na'ura mai tsada ya aika wa ƙanensa a Garwa ko Tamale, yana ganin ya yi abin kirki. Ƙanen ya kunna, sai ya ga ɗan ɗigo yana yawo a kan farin fili, domin taswirar Turai ko ta Amurka ce a ciki. Kuɗi sun tafi, kunya kuma ta hana a faɗa. Saboda haka tambayar farko ga mai kanti ita ce: taswirar wace ƙasa ke ciki, ana kuma iya ƙara wata? Akwai taswirar OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila a 2004, mutanen gari su ke zana ta da kansu, kyauta a ke ɗaukarta. Akwai kuma Tracks4Africa ta Afirka ta Kudu, wadda aka harhaɗa daga sawun da matafiya suka bi da ƙafafun motocinsu. Gwaji mafi sauƙi shi ne mai saye ya nemi unguwarsu tun yana cikin kantin. In na'ura ta san lungunan Nima ko Sabon Zango, ana iya yarda da ita kan babban titi. Mazauna Gana kuma suna da wani taimako: tun 2017 an yanka ƙasar duka gida-gida, mita 5 tsawo mita 5 faɗi, kowane yanki da lambarsa, ana kiran tsarin GhanaPostGPS.

Sa'an nan a dubi jikin na'urar. Ta mota 'yar gata ce, tana zaune a inuwa bayan gilashi. Ta babur kuwa baiwa ce: ruwa a kanta, rana a kanta, ƙurar hunturu a kanta, ga girgizar inji ba hutu. Masu ƙira su kan rubuta wata alama a jikin kwali. In an ga IPX7, ma'anarsa na'urar ta jure nutso cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Amma harafin X ɗin nan yana nufin ba a faɗi kome game da ƙura ba. Wadda aka rubuta mata IP67 ita ce aka tabbatar ƙura ba ta shigarta, mutumin Injamena ko Marwa kuwa ya fi bukatar wannan shaida bisa ga mutumin Landan. Fuskar na'urar ta zama mai haske ƙwarai, a fita da ita waje a duba ta da tsakar rana, kada a yarda da hasken kanti. A kuma taɓa ta da safar hannu a gani ko za ta amsa. Kamfanin Garmin yana ƙera irin da a ke kira zūmo musamman domin babura, TomTom kuma ya ƙera Rider. Zūmo XT, wadda ta fito a 2020, fuskarta inci 5.5 ce.

Mai sauraro zai ce, ai wayar da ke aljihu ma tana nuna hanya. Gaskiya ne, ga mafi yawan masu babur na cikin gari kuma ita ta isa, in an saukar da taswira a cikinta tun a gida. Illarta tana wajen ɗaure ta a kan babur. A 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi cewa girgizar manyan babura tana iya lalata kyamarar iPhone, ya ce ko a ƙananan babura a sa matashi mai shanye girgiza. Har wa yau ya ce an yi wayarsa ta yi aiki ne a zafin da bai wuce digiri 35 ba, ga shi kuwa Hartum da Makka su kan haura 40 da bazara. Wayar da ta yi zafi ta kan dushe fuskarta, ko ta ɗauke aiki gaba ɗaya, sau da yawa a daidai lokacin da a ke neman ta. Dabarar da ta fi ita ce a bar waya a aljihu, murya ta riƙa zuwa cikin hular kwano, in dokar ƙasa ta yarda; Faransa dai ta hana direba sa abin ji a kunne tun 2015, ko da ya ke ta ƙyale wanda aka gina cikin hular.

Batun wuta ba shi da tsawo. A ja waya daga batirin babur ta bayan makulli, a sa mata fis, don in an kashe inji ita ma ta mutu. In ba haka ba, gari zai waye batir ya ƙare. Maƙalin ya zama mai kulle, ko kuwa wanda a ke cire na'urar a shiga da ita masallaci.

Mai shiga daji bukatarsa dabam ce. Shi ba murya mai cewa a juya dama ya ke nema ba, gama babu dama babu hagun a inda ba titi. Abin da zai cece shi shi ne na'urar da ke zana sawunsa tun daga ƙofar gida, don in gaba ta ƙi, ya bi zaren ya koma. Ƙananan irin su eTrex, masu cin batirin rediyo guda biyu na AA, sun fi manyan amfani a nan, domin ana samun batirinsu a kowace kasuwar ƙauye. Duk da haka na'urar ba ta san ko rijiya ta ƙafe ba, ko rafi ya kawo, ko 'yan fashi sun tare gaba. Wannan sanin yana wurin mutanen wurin, kamar yadda ya ke wurin madugun ayarin Bilma tun kaka da kakanni.

A shirya tafiya tun babur yana tsaye. Mai gudun kilomita 60 a awa, in ya sunkuya ya dubi na'ura daƙiƙa 2, ya ci mita 33 ido rufe. Wanda kuma zai karɓi lambobin wani wuri daga abokinsa, ya tambaye shi irin rubutun da ya yi, domin iri biyu ne su ke kama da juna. Digiri 13 da minti 30 shi ne 13.5, ba 13.30 ba. Wanda ya ɗauki wannan a madadin wancan zai tsaya kimanin kilomita 22 kudu da rijiyar da ya nufa.